Ina asibitin yake a ginin Sarki Ƙalawun na Alƙahira?

Wata malamar jinya da ta raka mahaifiyarta Alƙahira neman magani ce ta aiko da wannan tambaya: "Malam, ranar da likita ya ba mu hutu, wani ɗalibin Azhar ya kai mu titin Mu'izz, ya nuna mana wani katafaren gini, ya ce asibitin Sarki Ƙalawun ke nan, mai shekara fiye da ɗari bakwai. Na shiga ina ɗokin ganin inda ake kwantar da marasa lafiya, amma hubbare na gani da wurin salla. Can baya sai kango da wani asibitin ido na zamani. To ina asibitin yake? Yaya aka tsara shi? In kuma gini ne da hukuma ke karewa, me ya sa ya koma haka?"

Malama, Allah Ya ba Mama lafiya, Ya sa kaffara ne. Idonki ya gani daidai, ɗalibin ma gaskiya ya faɗa miki. Gine-gine uku ne ke bayan wannan ƙofa guda: hubbaren sarkin, makarantar da ya gina wadda kika ga wurin sallarta, sai asibitin. Asibitin aka fara ginawa, shi ya fi sauran biyun cin fili, kuma shi ne yau ya fi su lalacewa. Wannan kangon da kika leƙa kika juyo, shi kika je nema.

Sarki Mansur Ƙalawun ya mulki Masar da Sham daga 1279 zuwa 1290. Asalinsa bawa ne Baturke da aka saya dinari dubu, shi ya sa ake masa laƙabi da Alfi, ya taso cikin rundunar bayin sarki da ake kira Mamalik har mulki ya faɗo hannunsa. Maƙrizi, masanin tarihin Alƙahira, ya kawo cewa a 1276, tun Ƙalawun yana kwamandan soja, murɗar ciki mai tsanani ta kama shi a Dimashƙa, aka yi masa magani da haɗin da aka ɗebo daga asibitin da Nuruddin Zanki, wani sarkin Sham na da, ya gina a 1154. Da ya miƙe sai ya hau doki ya je ya ga wurin da idonsa, ya yi bakance cewa in Allah Ya ba shi sarauta zai gina irinsa. Sunan da ake kiran irin wannan asibiti shi ne bimaristan, kalmar Farisanci ce, bimar mara lafiya, stan wuri. Mutanen Masar suka taƙaita ta zuwa maristan.

Filin da ya zaɓa shi ne mafi tsada a birnin, wurin da ake kira Bainal Ƙasraini, wato tsakanin fadoji biyu na sarakunan Faɗimawa, waɗanda suka kafa birnin. A nan akwai wani ɓangare na tsohuwar fadar yamma, gidan gimbiya Sittul Mulk, wanda a lokacin wata gimbiyar Ayyubawa, zuriyar da ta yi mulki kafin Mamalik, ke zaune ciki. Aka ba ta wani gidan aka karɓi wannan. An fara aiki a 1284, asibitin bai cika wata shida ba aka gama shi, dukan ginin kuma ya kammala a 1285, cikin kimanin wata goma sha uku. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan aikin gini ya san wannan sauri ba ya samuwa ta hanyar lalama. Wanda aka ɗora wa aikin, Amir Sanjar Shuja'i, ya sa fursunonin yaƙi na Mongol aiki, ya tattaro maginan gari ya hana su taɓa aikin kowa, har masu wucewa a titi akan tare su su ɗauki dutse. Ginshiƙai da marmara kuwa an ciro su ne daga ganuwar Sarki Salih Ayyub da ke tsibirin Rauda. Abin ya kai wasu malaman zamanin suka yi fatawar cewa salla ba ta halatta a wurin. Nakan so a riƙa faɗin wannan tare da yabon ginin, domin waɗanda suka ɗauki duwatsun nan bisa tilas su ma suna da haƙƙin a tuna da su. Wani dalilin saurin kuma shi ne ba daga tushe aka tayar da asibitin duka ba. Tsohon gidan gimbiyar yana da tsakar gida da manyan ɗakuna kewaye da ita, sai aka gyara shi aka ƙara masa.

Ki tuna yadda kuka shiga. Fuskar ginin da ke kallon titi ta kai kimanin mita 67, an yanka ta da dogayen bakuna masu tsini, a cikin kowanne akwai tagwayen tagogi da wata 'yar zagayayyiyar taga a bisansu, salon da ya yi kama da na majami'un da 'yan Salibiyya, mayaƙan Kirista na Turai, suka gina a gabar Sham. Duk wannan ado na hubbaren ne da makarantar. Asibitin ba shi da fuska a titi ko taku ɗaya. Daga ƙofa sai dogon lungu mai rufin katako can sama, tsawonsa ya haura mita 30, hubbare a damanki, makaranta a hagunki, kuma sai kin kai ƙarshensa za ki iske asibitin. Wannan lungu yana yin aikin da zaure da shigifa ke yi a gidan Bahaushe. Bainal Ƙasraini kasuwa ce mai hayaniya da ƙura da raƙuma da jakai, kuma kafin mara lafiya ya gama ratsa lungun, ƙarar ta mutu, zafin ya ragu, idonsa ya saba da inuwa. Akwai kuma lissafin mai waƙafi a ciki. Duk wanda zai je neman magani ko dubiya dole ya gifta ta ƙofar kabarinsa, ya ji karatun alarammomin da aka ajiye a tagogin hubbaren, ya yi masa addu'a. Sarakunan Mamalik ba su ɓoye wannan niyya ba, a rubuce take cikin takardunsu.

Zuciyar asibitin ita ce buɗaɗɗiyar tsakar gida da iwani huɗu suna kallonta, ɗaya a kowane gefe. Iwani ɗaki ne mai tsawon rufi, bango uku gare shi, gefe na huɗu a buɗe yake gaba ɗaya ƙarƙashin babban baka. Ki ƙaddara zaure ne aka cire masa bangon gaba. Wanda ya saba zaman maulidi ya san kalmar, domin iwanin Kisra da ake cewa ya tsage daren haihuwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, irin wannan ɗaki ne, kuma ragowarsa na nan tsaye kusa da Bagadaza. Daga ƙasar Farisa da Iraƙi salon ya yaɗu zuwa fadoji da makarantu, asibitin Nuruddin ya ɗauke shi, na Ƙalawun ya biyo baya.

Don a gane abin da ya sa likitocin zamanin suka yarda da wannan tsari, sai an san abin da suka ɗauka shi ne ke riƙe lafiya. Ilimin da suka gada daga Jalinus, tsohon likitan Girkawa, suka faɗaɗa shi, ya ce abubuwa shida ne ba makawa suke gyara jiki ko su ɓata shi: iskar da mutum ke shaƙa, ci da sha, barci da farke, motsi da hutu, abin da jiki ke fitarwa da wanda yake riƙewa, sai halin da zuciya ke ciki na tsoro ko baƙin ciki ko natsuwa. Ba su san ƙwayoyin cuta ba. A wurinsu gurɓatacciyar iska mai wari ita ce babbar hanyar ciwo. In kika duba jerin nan da idon magini, za ki ga kusan rabinsa aikin bango ne da taga da ruwa. Likita zai iya rubuta jiƙo, amma iska da barci da natsuwa sai ginin ya ba da su. Abin da na fi so ki riƙe game da wurin nan ke nan: an gina shi ne a matsayin kashi ɗaya na maganin, kuma darajarsa tana cikin yadda aka jera ɗakunansa fiye da adon bangonsa.

Ɗauki maganar inuwa. Dattijon da ke zaune a ƙofar gida yana jan tabarmarsa daga wannan bango zuwa wancan yana bin inuwa, in sanyi ya shigo kuma ya koma shan hantsi. Iwani huɗu masu kallon kusurwa huɗu suna ba asibiti wannan dama ba tare da an fita waje ba. Kowace sa'a ta yini akwai wanda ke cikin inuwa. Wanda ke fuskantar arewa rana ba ta cika shigarsa ba, kuma shi ke karɓar iskar arewa mai sanyi da ke busowa Alƙahira daga teku a yawancin shekara. Wanda ke fuskantar kudu shi ke samun ranar hunturu. Tsawon rufi yana barin iska mai zafi ta tashi sama da kan mai kwance. Kaurin bango kuma yana shanye zafin rana a hankali, ya sake shi da dare, bambancin da kowa ya sani tsakanin ɗakin soro da ɗakin kwano a watan Afrilu. Da dare sanyi yana sauka ya kwanta a tsakar gida kamar ruwa a kwano, ya shiga ɗakuna, ya daɗe har hantsi.

Sai ruwa, wanda a ganina shi ne gwanintar ginin. A ƙuryar iwani biyu masu fuskantar juna an kafa abin da ake kira salsabil, sunan da aka aro daga maɓulɓular Aljanna da Alƙur'ani ya ambata. Allon marmara ne da aka jingina a karkace jikin bango, aka sassaƙa masa ƙananan tudu da kwari. Ruwa yana fitowa daga sama, ya bazu a kansa siriri, ya gangaro yana karyewa a kan sassaƙar, ya taru a ɗan tafki mai adon gutsattsarin marmara kala-kala, daga nan ya bi wata magudana a tsakiyar daɓen ɗakin har zuwa babban tafkin tsakar gida. Hikimar randa ce aka faɗaɗa. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda gumin da ke tsattsafowa jikinta yana bushewa yana tafiya da zafi. Allon salsabil yana shimfiɗa ruwa kaɗan a kan fili mai faɗi don busasshiyar iskar Masar ta ɗebe shi, iskar ta yi sanyi ta yi laushi kafin ta kai ga mai zazzaɓi. Ƙarar ruwan kuma, wadda ba ta tashi ba ta faɗuwa, tana rufe nishin maƙwabcin gado, ta taimaki wanda barci ya ƙaurace wa. Ke da kika yi aikin dare a ɗakin marasa lafiya kin fi ni sanin abin da kukan mutum ɗaya ke yi wa sauran ashirin. Ruwan ba famfo ke turo shi ba. A Alƙahira ta wancan zamani akan ɗago shi daga rijiya da saƙiya, wani keken tuluna da shanu ke juyawa, a zuba a tanki mai tudu, daga nan nauyinsa ya gangaro da shi. Ma'ana in kuɗin ciyar da shanun ya yanke, rabin hikimar ginin ta tsaya.

Damuwa da wari ta kai har bakin titi. A 1326, mai kula da asibitin na lokacin, Amir Aƙush, ya sa aka cire kwamin shayar da dabbobi da ke kusa da ƙofa saboda ɗoyinsa, aka gina wurin shan ruwa na mutane a madadinsa. Ragowarsa na nan a kusurwar makarantar, kun wuce ta gabansa kafin ku shiga.

Yadda aka raba marasa lafiya zai yi miki kama da abin da kika sani. Maƙrizi ya ce iwanan na masu zazzaɓi ne da makamantansu. Akwai ɗaki daban na masu ciwon ido, wani na masu rauni, wani na masu gudawa, da sashen mata. Akwai wurin dafa abinci da magungunan sha, wurin haɗa magungunan lasa da kwallin ido, ɗakunan ajiya, da inda babban likita ke zama yana karantar da ɗalibai. Ya ce an jawo ruwa zuwa duk waɗannan wurare. Ware masu gudawa a ɗakinsu mai ruwa mai gudu, ko da dalilinsu wari ne, ya dace da abin da ilimin yau ya tabbatar.

Takardar waƙafin asibitin ta tsira, kuma ita ce ke cika ɗakunan da kaya a idon mai karatu. Ta yi umarni a tanadi gadaje da katifu da mayafai, a zuba wa kowane mara lafiya abincinsa a kwanonsa shi kaɗai ba tare da ya haɗa hannu da wani ba, a rufe abincin da murfin kaba, wato faifai, a ba su mafitan kaba saboda zafi, a kawo ganyaye masu ƙamshi kullum. Ta ce talakan da ke kwance a gidansa a kai masa magani, wanda ya rasu kuma a yi masa wanka da likkafani da kabari daga dukiyar waƙafin. Ba ta ware mai kuɗi da matalauci ba, ko ɗan gari da baƙo, kuma ba a yanke wa kowa kwanakin da zai yi ba. Ranar buɗewa, in ji masu tarihi, sarkin ya sa aka kawo masa kofin maganin sha na asibitin ya sha, ya bayyana cewa ya yi waƙafinsa ga sarki da bawa, babba da yaro, maza da mata. Nuwairi, wanda ya bar mana bayani mai yawa a kan wurin, ba da jita-jita ya rubuta ba, shi kansa ya riƙe kula da dukiyar asibitin a farkon ƙarni na 14.

Masu taɓin hankali suna da nasu sashen a gefe, na maza daban na mata daban, ƙananan ɗakuna a jere kewaye da 'yar tsakar gida mai ruwa. In kina son ganin wannan tunani a ginin da bai rushe ba, asibitin Argun Kamili na Halab, wanda aka gina a 1354, shi ne misali: lunguna masu duhu da lanƙwasa suna kai mutum ga ƙananan tsakar gida, ɗaya mai kusurwa takwas, kowace da tafkinta da hasken da ke saukowa daga sama, ɗakunan kuma da tagogin ƙarfe. An yi nufin natsuwa, an kuma yi nufin tsarewa. Matafiya da yawa sun ga mutane ɗaure da sarƙa a maristan ɗin Alƙahira, musamman a ƙarnonin baya, kuma bai kamata son da muke wa tarihin nan ya sa mu tsallake wannan ba.

Akwai wata lamba da ke yawo a intanet, wai asibitin yana da gado 8,000. Ki gwada ta da awo. Gado ɗaya da ɗan wurin da mai jinya zai tsaya ba zai ci ƙasa da murabba'in mita 4 ba. Gado 8,000 ke nan suna neman murabba'in mita 32,000, fiye da filin ƙwallo huɗu, ban da tsakar gida da madafa da makewayi. Ke kin tsaya a wurin, kin ga ko kusa bai kai ba. Girman asibitin na gaskiya ya isa abin alfahari ba sai an yi masa ƙari ba. Ibn Nafis, likitan da ya fara bayyana yadda jini ke bi ta huhu daga wannan ɓangaren zuciya zuwa wancan, ya yi waƙafin gidansa da littattafansa ga wannan asibiti kafin rasuwarsa a 1288. Ibn Baɗuɗa ya gan shi a 1326 ya ce mai siffantawa ba zai iya ƙure kyansa ba, ya kuma ji ana cewa kuɗin shigarsa dinari dubu ne a kullum. Shekara biyu kafin nan, a 1324, ayarin Mansa Musa ya sauka Alƙahira a zamanin Nasir Muhammad ɗan Ƙalawun, kuma tun kafin a gina asibitin mutanen Kanem suna da makarantarsu da masaukinsu a Fusɗaɗ, tsohon garin da ke kudu da Alƙahira. Alhazan ƙasashenmu da suka bi ta wannan hanya sun iske shi yana aiki.

Yanzu ga ɓangaren tambayarki mai ciwo. Hubbare ba ya tsufa da sauri, domin mai shi ba ya motsi, masu ziyara kuma cire takalmi suke yi. Asibiti kuwa kullum cikin wahala yake: ruwa, hayaƙi, jini, fitsari, ɗaruruwan ƙafafu, ga kowane sabon shugaba da bangon da yake so a fasa ko a ƙara. Ginin da ruwa ke gudu a cikin daɓensa yana buƙatar gyara ba fashi, gyara kuma yana buƙatar kuɗin waƙafi, wato hayar shaguna da gidajen wanka da gonaki. Da ƙarnoni suka shuɗe, kadarorin suka lalace ko aka cinye su, darajar kuɗin ta faɗi. Lokacin da Desgenettes, babban likitan rundunar Napoleon, ya duba wurin a 1798, ya iske shi cikin mummunan hali. Sannan ilimin likitanci kansa ya sauya gida. Muhammad Ali Pasha, mai mulkin Masar a lokacin, ya buɗe makarantar likita irin ta Turai a Abu Za'abal a 1827, aka mayar da ita Ƙasrul Aini a 1837. Maristan ya rage wa masu taɓin hankali kawai, har kalmar ta koma nufin gidan mahaukata a bakin mutanen Masar, daga baya su ma aka kwashe su a tsakiyar ƙarni na 19. Sa'ar da aka yi ita ce wani magini Bafaranshe mai suna Pascal Coste, da ke yi wa Muhammad Ali aiki, ya auna ginin ya zana tsarinsa wajajen 1820, tun yana tsaye. Yawancin abin da muka sani game da jerin ɗakunan daga zanensa ne, haɗe da bayanin Maƙrizi da takardar waƙafi.

Kariya ta hukuma ta zo a 1881, da mai mulkin Masar Khedive Taufiƙ ya kafa kwamitin adana gine-ginen fasahar Larabawa. Sunan kwamitin ma ya nuna inda idonsa yake, wato fasaha da ado. Babban magininsa daga 1890 zuwa 1914, Max Herz ɗan ƙasar Hangari, mutum ne da ya yi wa Alƙahira hidimar da ba za a manta ba, kuma ya ƙaunaci ginin Ƙalawun har ya rubuta littafi a kansa. Shi ya sake ɗora wa hubbaren ƙubba a 1903, domin ta asali an sauke ta tun 1776, ya kwaikwayi ƙubbar hubbaren Ashraf Khalil ɗan Ƙalawun. Ƙubbar da kika ɗaga kai kika kalla ke nan, shekarunta ba su wuce ɗari da ashirin da 'yan kai ba. Amma asibitin ya riga ya zama kango, adonsa kaɗan ne in an gwada da na hubbaren, kuma hukumar waƙafi tana da hujja mai ƙarfi: mai waƙafi don jinya ya bayar da filin, ba don kallo ba. Ciwon ido kuwa ya addabi Masar ƙwarai a lokacin. Sai aka share wani ɓangare, aka gina asibitin ido a tsakiyar tsohon a shekarun 1910. Shi ne wanda kika gani, kuma har yau sunan Ƙalawun yake ɗauke da shi.

Ina ganin girman wannan hujja. Filin da ya karɓi masu ciwon ido a 1284 shi ne yake karɓarsu a yau, wannan abu ne da ba kasafai ake samunsa a duniya ba, kuma da za a tambayi mai waƙafin, ina kyautata zaton zai zaɓi a ci gaba da jinya. Inda nake ganin an yi hasara shi ne wurin da aka dasa sabon ginin. Da a gefe aka sa shi, da an samu biyun. Da aka sa shi a tsakar gidan, sai aka toshe abin da ke haɗa iwani da iwani, aka yanke hanyar ruwa da ta iska, ragowar ɗakunan suka zama gutsattsarin da baƙo ba zai iya haɗa su a ransa ba, kamar yadda ya faru da ke. A ginin asibiti, fili marar komai da ke tsakiya yakan fi bangon daraja, kuma shi ne abin da masu kariya suka fi saurin sallamawa, saboda ba a ganin sassaƙa a jikinsa. Barcelona ta fuskanci irin wannan zaɓi da asibitin Sant Pau, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1997. Da ya kasa ɗaukar aikin zamani, sai aka gina sabo a ƙarshen filin, aka kwashe marasa lafiya a 2009, aka gyara tsofaffin ɗakunan da lambunan da ke tsakaninsu, aka buɗe wa masu ziyara a 2014. Sun yi wannan ne bayan duniya ta yi kusan shekara ɗari tana koyo daga kurakurai irin na Alƙahira.

A yau ginin Ƙalawun yana da lamba 43 a rajistar gine-ginen Musulunci na Alƙahira, yana ƙarƙashin dokar kare kayan tarihi ta Masar mai lamba 117 ta 1983, kuma yana cikin tsohuwar Alƙahira da UNESCO ta amince da ita a 1979. Abin da wannan kariya ke yi shi ne hana rushewa da hana canji ba da izini ba. Ba ta umarni a sake gina abin da ya tafi. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka amince da ita a Venis a 1964 ta ce gyara yana tsayawa ne a inda zato ya fara. Zanen Coste ya nuna inda bango yake, amma bai isa ya gaya wa magini kowane rufi da kowace taga ba, kuma in an tayar da sabon gini a kansa, za a rufe ainihin duwatsun da suka rage da na kwaikwayo. Shi ya sa aka bar kangon a kango, aka tallafe shi.

Babban abokin gabar wurin yanzu yana ƙarƙashin ƙasa. Titi ya yi tudu a kan ginin cikin ƙarnoni bakwai, bututun ruwa da na masai na unguwar suna yoyo, ruwan ƙasa ya taso. Dutsen farar ƙasa yana tsotsar danshi kamar soso, ruwan ya bushe ya bar gishiri, gishirin ya kumbura ya marmashe dutsen, daidai yadda gindin katangar ƙasa ke zubewa a unguwa mai kanwa. Wanda ya shafe irin wannan bango da siminti ya ƙara masa ciwo, domin danshin ba ya samun mafita sai ya hau sama. Girgizar ƙasa ma ta taɓa shi: ta 1303 ta lalata saman hasumiyar har Nasir Muhammad ya sake gina shi, ta 12 ga Oktoba 1992 kuma ta jijjiga gine-gine da dama a tsohon birnin, abin da ya zaburar da babban gyaran da aka yi wa titin Mu'izz da wannan gini a shekarun 2000.

In Allah Ya sa kuka koma ganin likita, ki ware awa guda da safe. Ki wuce ƙofar hubbaren tukuna, ki bi lungun har ƙarshe a hankali, kina sauraron yadda ƙarar titi ke raguwa. A cikin kangon ki nemi ragowar iwani, ki shiga ƙuryarsa ki juyo ki fuskanci inda tsakar gidan take, ki cire sabon ginin a ranki. Ki duba ƙasa, za ki ga gurbin tafkin salsabil da bakin magudanarsa, ki ɗaga kai ki ga sassaƙar farar ƙasa da ta rage a gefen tagogi. Daga nan, in Mama tana da ƙarfin tafiya, ku je gidan adana kayan fasahar Musulunci da ke Babul Khalƙ. A can akwai dogayen katakai da aka ciro daga wannan gini, masu sassaƙar mafarauta da makaɗa da barewa. Na fadar Faɗimawa ne. Maginan Ƙalawun sun sake amfani da su, suka juya fuskar sassaƙar ta kalli bango, a haka suka zauna fiye da shekara ɗari shida kafin ma'aikatan Herz su juyo da su.